Saiwa da Ma'auni: Labarin Binciken Magani da Zongon Lome

Tun cikin shekarun 1880, sa'ad da Lome take 'yar kasuwa a bakin teku, fatake Hausawa suka soma sauka a cikinta. A 1884 Jamusawa suka kafa tutarsu a ƙasar Togo, a 1897 kuwa suka mai da Lome babban birninsu. A tsakanin nan yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892, kasuwar goro ta watse, fatake suka bazu, waɗansu suka nufi Kete-Karachi, waɗansu suka gangaro har teku. Inda suka sauke kaya aka ce da shi Zongo, watau zango, masaukin ayari. Zongon Lome bai sami zama wuri ɗaya ba. Gari yana girma ana ture shi gaba, har a 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar birni, ta kwashe mutane zuwa arewa da gari, wajen Togblekope, tafiyar kilomita 15 ko kusa da haka. Wani Bafaranshe mai suna Michel Agier ya zauna tare da su bayan tashin nan, ya rubuta littafi a kan cinikinsu, aka buga shi a 1983.

Duk inda Zongo ya koma, akwai kayan da ba a bari a baya, shi ne magani. Ɗan koli yana shimfiɗa buhunsa, ga kanwa, ga kanumfari, ga masoro da kimba da citta, ga tazargade. Mai saiwa yana da sassaƙen maɗaci da marke, da ganyen sabara, da filasko na wankin ciki. Wanzami yana yin ƙaho, maɗori yana ɗora karaya, ungozoma tana da nata jiƙon. Mutanen bakin teku sun daɗe da sanin Bahaushe da magani, har wa yau kuwa suna zuwa nema. Kada kowa ya raina sanin nan, gama ba a kwana ɗaya aka tara shi ba. Amma akwai abu guda da ayari bai zo da shi ba, shi ne ma'auni. Ka tambayi mai saiwa nawa za a sha, sai ya ce cikin tafi, ko kuwa abin da yatsa uku suka ɗauka. Tafin wa? Na ƙato ko na yarinya? Ganyen da aka tsinka da damina da wanda ya shekara a buhu, ƙarfinsu ɗaya ne? A kan tambayoyin nan aka gina aikin mai haɗa magani, wanda a Lome ake ce wa shagonsa farmasi, a Kano kuwa kyamis.

Tun kafin zuwan Turawa akwai waɗanda suka damu da wannan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta a Sakkwato daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta 'yan littattafai da Larabci a kan magani: akwai na ciwon ido, akwai na basur, akwai wanda ya yi a kan filasko kaɗai. Sa'ad da Bature Clapperton ya je wurinsa a 1824, cikin abubuwan da Bello ya roƙa a aiko masa daga Ingila har da likita. Mutum ne wanda ya gane cewa abin da ke bakin tsofaffi in ba a rubuta shi ba, tare da su za a binne shi. Amma rubutu rabin aiki ne. Sauran rabin sai an raba abin da ke warkarwa da sauran itace, a aza shi bisa sikeli.

Wannan rabin kuwa ga yadda aka soma shi. A ƙasar Peru ta Amurka ta Kudu akwai wani itace mai ɗacin ɓawo kamar maɗacinmu, ana ce da shi sinkona. Shekaru da yawa Turawa suna daka ɓawonsa suna sha domin zazzaɓi, wani ya warke, wani ya mutu, gama wani ɓawon yana da ƙarfi, wani kuwa itace ne kawai. A 1820 waɗansu masu haɗa magani biyu a birnin Paris, Pelletier da Caventou, suka yi ta jiƙa ɓawon suna tacewa har suka fitar da ainihin abin da ke kashe zazzaɓin. Shi ne kwinin. Daga ran nan ya zama abin aunawa, likita ya san abin da ya ba mutum yau, ya san abin da zai ba shi gobe.

Ku dubi abin da wannan ya yi a ƙasarmu. A 1841 jiragen ruwa uku na Ingila suka hau Kwara, da Turawa 145 a ciki, tare da Schön wanda ya soma rubuta Hausa da boko, da Samuel Ajayi Crowther. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, aka komo da baƙin ciki. A 1854 Likita Baikie ya sake hawa da jirgi guda mai suna Pleiad, har cikin Binuwai, Crowther yana ciki kuma. Baikie ya sa mutanensa su riƙa shan kwinin kowace rana tun ba su kwanta ba. Suka yi wajen wata huɗu a kogi, ko mutum ɗaya bai mutu ba. Ta ƙofar nan masu bishara suka shigo, ta nan kuma 'yan kasuwa da soja suka shigo. Garin magani ɗan kaɗan a bakin cokali ya juya labarin ƙasashe.

To, bincike yana da fuska biyu, ƙasar Togo kuwa ta ga mummunar. A zamanin Jamus ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, yana kashe mutane a yammacin ƙasar. Wajen 1908 hukuma ta kafa sansani a kan dutsen Kluto, kusa da Kpalime. Ana bi ƙauye ƙauye ana taɓa wuyan mutane, wanda aka ji kaluluwarsa ta kumbura sai a tafi da shi, ko yana so ko ba ya so. A can ana yi musu allurar wani magani mai suna atoksil, da waɗansu sababbi irinsa da ake aikowa daga Jamus domin a gwada. Dukansu da gubar arsenik aka haɗa su. Likita Robert Koch ya riga ya gwada atoksil a tsibiran tafkin Victoria a 1906 da 1907, ya ga yadda yawansa ke makantar da mutane. A Kluto ma waɗansu suka makance, waɗansu suka mutu, da yawa suka gudu cikin dare, har ƙauyuka suka riƙa ɓoye marasa lafiyarsu. Daga dangin magungunan nan ne Paul Ehrlich ya fitar da Salvarsan a 1910, maganin tunjere na fari mai aiki sosai, duniya ta yi ta yabo. Mutanen Kluto ba wanda ya tambaye su, ba kuwa wanda ya gode musu.

Kada a ce wannan tsohon zance ne. A 1996, sa'ad da annobar sanƙarau ta faɗa wa Kano, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a wani gwaji na yara 200, yara 11 suka mutu, waɗansu a cikin masu shan sabon, waɗansu a cikin masu karɓar tsohon da ake gwada shi da shi. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'an nan aka shirya da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Tsoron da abin ya bari yana cikin dalilan da suka sa aka ƙi allurar shan inna a Kano a 2003. Saboda irin waɗannan al'amura doka ta tsaya yanzu cewa ba a gwada magani a kan mutum sai an gaya masa da harshen da yake ji, ya yarda da bakinsa, yana kuwa da iko ya fasa ran da ya ga dama. Wa zai gaya wa tsohuwar Zongo wannan da Hausa, in babu ɗanta a cikin masu binciken?

Mu koma ga saiwarmu. Wani likita ɗan Sikotlan, John Dalziel, ya yi aikin mishan a ƙasar Sin, sa'an nan ya shiga aikin gwamnati a Nijeriya ta Arewa a 1905. Duk garin da aka kai shi yana tambayar mutane sunan itace da amfaninsa, yana busar da ganye yana aikawa Landan a gane iri. A 1916 ya buga littafin sunayen itatuwa da Hausa, a 1937 kuma ya buga babban littafi a kan tsire-tsire masu amfani na Afirka ta Yamma. Har yanzu masu bincike suna buɗe su. Ya yi aikin kirki, amma duk abin da ke ciki daga bakin mahauta da makiyaya da bokaye da tsofaffin mata ya fito, sunansa kaɗai ke bisa bango.

A zamanin nan baƙin mutum iyakarsa ya zama mataimaki. Faransawa sun buɗe makarantar likita a Dakar a 1918, tana koyar da mataimakan likita da mataimakan masu haɗa magani da unguwar zoma, 'yan Togo ma can suke tafiya. A ƙasar Ingilishi akwai makarantar haɗa magani a Yaba da Zariya. Asibitocin mishan kuwa suna koya wa samari aikin disfensa: su ƙirga ƙwaya, su dama ruwan tari, su wanke gyambo. Kakanninmu da yawa ta nan suka fara cin abinci da ilmi. Su ne suka raba maganin kuturta a Arewa, labarinsa kuwa labarin ma'auni ne tsantsa. Dafson an haɗa shi tun 1908, aka ajiye shi, aka ce guba ne. Kutare suna ta shan azabar allurar man wani itacen Indiya, da wuya a ga wanda ya warke. Sai wajen 1950 Likita John Lowe, a zangon kutare na Uzuakoli a gabashin Nijeriya, ya nuna cewa in aka rage shi ƙwarai, aka fara da kaɗan ana ƙarawa sannu sannu, mutum yana iya haɗiyarsa ba lahani mai yawa, cutar kuwa ta tsaya. Maganin bai sake ba, awon ne ya sake. Ƙwaya mai arha ta fitar da dubban mutane daga zangon kutare zuwa gidajensu.

Togo ta sami mulkin kai ran 27 ga Afrilu 1960, a 1970 aka kafa jami'a a Lome. Shekara huɗu bayan wannan, a watan Nuwamba 1974, aka yi wani taro a birnin wanda ya kamata mu riƙa tunawa da shi. Majalisar jami'o'in ƙasashen Afirka masu Faransanci, wadda ake kira CAMES, ta tara masana a karo na fari domin su yi shawara a kan magungunan gargajiya. Babban sakatarenta a lokacin shi ne Joseph Ki-Zerbo, masanin tarihi ɗan ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu. Abin da a da ake ce da shi aikin jahilai, ran nan shehunan malamai suka zauna suka ce a bincika shi da kayan aikin zamani. Tsohon Zongo yana nan a lokacin, a cikin birni guda da su, da buhunan saiwarsa a shimfiɗe. Bayan wannan Shehun Malami Edouard Adjanohoun, ɗan ƙasar Benin, ya shugabanci ayarin masana suna bin ƙasa ƙasa suna tambayar masu magani. Suka buga littafin Nijar a 1980, na Togo a 1986. A jami'ar Lome kuma Messanvi Gbeassor da abokan aikinsa suka ɗauki itatuwa takwas da mutane ke sha domin zazzaɓi, suka gwada ruwansu a kan ƙwayar cutar a ɗakin gwaji, suka buga abin da suka gani a 1989. Lokacin ya dace, gama a shekarun nan ne kulorokwin ya soma kasawa a Afirka ta Yamma.

Ya ku 'yan'uwa, a nan ake yawan ruɗewa. In aka ji a rediyo cewa masana sun tarar wani ganye yana kashe ƙwayar cuta, sai a ce an sami magani. Ba a samu ba tukuna. Abin da ya kashe ƙwayar cuta a cikin kwalba, sabulu ma yana kashe ta. Sai an san itacen da sunansa na ilmi, gama sau da yawa suna guda a Hausa yana kan itace biyu, na Katsina dabam, na Sokode dabam. Sai an fitar da abin da ke aiki a ciki, an ba ɓeraye a ga ko yana taɓa hanta da ƙoda, an san awon da ke warkarwa da wanda ke kisa, sa'an nan a zo ga mutane, kaɗan da fari, daga baya da yawa. Yakan ci shekara goma ko fiye, yawancin abin da aka fara da shi kuwa a hanya yake faɗuwa. Ko yadda ake sarrafa ganyen ma abin bincike ne. Wata mace 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, wadda ta yi karatun haɗa magani, ta yi ta gwada wani ɗan'uwan tazargade a kan zazzaɓin cizon sauro, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Sai ta karanta a wani tsohon littafinsu cewa jiƙa shi ake yi a matse, ba a ambaci dafawa ba. Ta gane zafi ne ke ɓata shi. A 1971 ta fitar da shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya yi aiki sarai, ta kuwa fara sha da kanta kafin a ba marasa lafiya. Daga nan aka sami artemisinin, tushen maganin zazzaɓin da asibitocinmu ke bayarwa yau, ita kuma aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Mu da muke tafasa kowane ganye har ruwa ya yi baƙi, sai mu yi tunani. Kada kuwa wani ya ce tazargaden ɗan koli ya isa, zama dangi ɗaya bai sa abin da ke cikinsu ya zama ɗaya ba.

Labarin da ya fi kusa da buhun Zongo a Nijeriya ya faru. Amosanin jini, wanda ake ce wa sikila, ciwo ne na gado, a Nijeriya kaɗai ana haifar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara, a Togo ma ba baƙo ba ne. Duk uwar da ta kwana tana matsa wa ɗanta ƙafa yana kuka ta san shi. Akwai wani fasto Bayarabe a ƙasar Oyo, Paul Ogunyale, wanda yake da wani haɗi da yake ba masu ciwon nan. A farkon shekarun 1990 ya kai shi cibiyar binciken magunguna ta Abuja, wadda ake kira NIPRD, a hannun shugabanta Shehun Malami Charles Wambebe. Kafin ya buɗe asirinsa aka rubuta yarjejeniya cewa sunansa zai shiga, rabonsa kuma zai fito. Da aka buɗe, mene ne a ciki? Masoro, da kanumfari, da ganyen dawa, da itacen da Yarbawa ke kira osun, ɗan'uwan madobiyarmu. Uku daga ciki ba gidan Bahaushen da bai san su ba.

Masana suka auna, suka gwada a kan dabbobi, suka zuba shi a kafso mai awo ɗaya, suka sa masa suna Niprisan. A 1998 aka ba su takardar mallaka a Amurka, da sunan faston a cikin waɗanda suka ƙago shi. Aka gwada shi a kan mutum 82. Aka raba su kashi biyu, kashi ɗaya suna shan maganin, kashi ɗaya suna shan kafson da ba kome a ciki, ba wanda ya san nasa, daga baya aka musanya. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna tashin ciwon mai tsanani ya ragu ga masu shan na gaskiya. Bai raba mutum da ciwon ba, amma ya rage kwanan asibiti. Sai aka ba wani kamfanin Amurka mai suna Xechem izinin yinsa a 2002, aka fitar da shi kasuwa a 2006. Kamfanin ya karye a 2008, magani ya ɓace daga kantuna, iyayen da suka saba saye suka yi ta yawon nema. Sai a 2018 aka sake ba kamfanin May & Baker na Nijeriya izini. A ganinmu masu binciken sun yi nasu, inda aka faɗi wajen kuɗi ne da riƙon amana, wannan kuwa ba a gyara shi da madubin likita.

Ga wani kuma, mai ban dariya da ban tsoro. A 2013 waɗansu masana na Faransa da Kamaru suka ba da labari cewa sun sami tiramol a cikin saiwar tafashiya a arewacin Kamaru. Tiramol kuwa a Jamus aka ƙago shi a ɗakin gwaji, ba a taɓa jin itace ya yi shi ba. Jaridu suka ɗauka, aka ce ga hikimar bokayen Afirka ta tabbata. A 2014 waɗansu masana daga Dortmund suka bi sawu. Suka tarar da shi a saiwar tafashiyar arewa, suka rasa shi a ta kudu. Suka same shi kuma a cikin ƙasa, da ruwa, da saiwar waɗansu itatuwa dabam. Da suka tambayi mutanen wurin sai aka gaya musu manoma suna sha domin su jure aiki, suna kuma ba shanun noma. Shanu su kwanta a inuwa su yi fitsari, saiwa ta tsotsa. Masanan fari sun yi gardama, amma gwajin da aka sake yi a 2016 ya nuna irin na masana'anta ne. Aka fita neman darajar itace, aka komo da shaidar yadda ƙwayar nan ta ci ƙasa har ta shiga rijiya. Mu a Zongo ba sai an gaya mana ba, mun ga abin da ta yi wa samari masu acaba da masu dako.

Wannan ya kawo mu ga aikin da ya fi gaggawa. Buhun ɗan koli na yanzu ba saiwa kaɗai ke ciki ba. Akwai kafso ja da rawaya a tire, rana tana dukansu, ba takarda, ba ranar lalacewa, mai sayarwa kuwa da launi ya san su. Lome tana da tashar jiragen ruwa mai zurfi tun 1968, kaya suna sauka su bi hanyar arewa zuwa Wagadugu da Yamai, hanyar kuwa ta gefen sabon Zongo ta wuce. Na kirki yana bi, na jabu ma yana bi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, cikin magani goma ɗaya jabu ne ko kuwa bai kai awo ba. A 1990 yara 109 suka mutu a Nijeriya da shan farasitamol na ruwa wanda aka dama da wani ruwan guba irin na man birki. A 1995, cikin annobar sanƙarau a Nijar, aka yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafi wadda babu rigakafi a cikinta. A 2022 gubar nan ta 1990 ta sake kashe yara wajen 70 a Gambiya ta cikin ruwan tari. Dora Akunyili, mai haɗa magani ce, ta riƙe hukumar NAFDAC ta Nijeriya daga 2001 zuwa 2008, ta ƙone jabu tuli tuli, har aka harbi motarta a 2003. Ran 18 ga Janairu 2020 shugabannin Togo da Senegal da Uganda, da wakilan waɗansu ƙasashe, suka sa hannu a Lome cewa za su mai da fataucin jabun magani babban laifi. Sa hannu yana da kyau. Amma alƙali ba ya iya hukunta kowa sai wani ya narkar da ƙwayar a ɗakin gwaji, ya ce ga abin da ke ciki, alli ne ko magani.

To, yaron da ke son shiga aikin nan, ina hanya? A Togo sai ya ci bakaloreya ta fannin kimiyya, da ƙarfi a lissafi da ilmin sinadarai da na halittu. Sa'an nan ya nemi shiga sashen ilmin lafiya na jami'ar Lome, inda wuri kaɗan ne, masu nema da yawa. Karatun shekara shida ne ko fiye, a ƙarshe ya rubuta kundin bincike ya kare shi a gaban malamai, ya yi rantsuwa, a rubuta sunansa a ƙungiyar masu haɗa magani ta ƙasa. Daga nan hanya ta rabu. Mafi yawa farmasi suke shiga, gama a nan kuɗi yake fitowa da wuri, ba mu kuwa ga laifinsu ba, wanda uwarsa ta sayar da ƙosai ta biya masa makaranta yana da bashin da zai biya. Waɗansu su tafi asibiti ko ma'ajin magani na gwamnati. Mai son bincike kuwa sai ya ƙara waɗansu shekaru har ya sami digirin dakta na kimiyya, sau da yawa a Dakar ko Faransa, in kuma yana son kujerar shehun malami sai ya ci jarrabawar CAMES da ake yi shekara biyu biyu. Albashi bai kai na mai shago ba. Na'ura takan lalace a jira wata da watanni kafin kayan gyara su zo. Da yawa cikin waɗanda suka tafi ƙetare ba su komo ba. Iyaye su san wannan tun da wuri, kada su sa yaro a hanya sa'an nan su riƙa yi masa gorin ɗan maƙwabci mai mota. 'Yan mata kuma kada a hana su, Tu Youyou da Dora Akunyili mata ne.

Amma ɗan Zongo yana da abin da jami'a ba ta koyarwa. Yana jin Hausa, yana jin Ewe ko Kotokoli, yana jin Faransanci. Tsohon da ba zai buɗe wa baƙo mai riƙe da takarda buhunsa ba, zai buɗe wa jikan abokinsa wanda ya durƙusa ya ce Baba, ina kwana. Shi ne kuma zai iya gaya wa tsohon haƙƙinsa, gama tun 2010 akwai yarjejeniyar duniya da aka ƙulla a Nagoya ta ƙasar Japan, wadda ta ce in aka ci riba da sanin mutane sai a raba da su. A rubuta wannan a takarda tun kafin a kwance bakin buhu, kamar yadda aka yi wa Fasto Ogunyale.

Aikin fari kuwa ba ya bukatar na'ura. Ɗalibi ya bi mai saiwa zuwa daji, ya ga itacen a tsaye da idonsa, gama ba a gane iri daga sassaƙe. Ya yanko reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya, ya danne shi a tsakanin tsofaffin jaridu har ya bushe. Ya rubuta sunansa da kowane harshen da ake kiransa, da wurin, da watan, da ko saiwa ake ɗiba ko ɓawo, da ko jiƙawa ake yi ko dafawa. Ya sa tsohon ya ɗebo cikin tafin nan nasa sau goma, ya aza kowanne bisa sikeli, ya rubuta giram nawa. Sa'an nan ya kai reshen ma'ajin busassun tsire-tsire na jami'a, masana su tabbatar da sunansa, su ba shi lamba. Lambar nan ita za a rubuta a kan kowane gwajin da zai biyo baya.